Tabarau Uku da Ƙafar Sumana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Haruna, a Gamkalle, Yamai, zuwa ga ɗana Salisu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa wurin aikinku lafiya, kamiyon, babbar motar da ta kwashe ku, bai lalace muku a hanya ba. Allah Ya tsare ka daga sharrin daji, da sharrin mutane, da sharrin abin da hannunka zai riƙe. Innarka tana gaishe ka, yayyenka ma haka. Labarin gida ba sai na ba ka ba, yadda ka bar shi haka yake: sama babu hadari, kogi sai ja da baya yake yi.

Ranar da za ku tashi, kana riƙe da ƙarfen kamiyo, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka juyo ka ce mini shugabanku ya ce kowane sabon ma'aikacin gandun daji ya nemi tabarau na harbi, ka tambaye ni wane launi za ka nema. Na ce maka zan aiko. Na san ka zaci neman mai kyau na tafi. Ba haka ba ne, ɗana. Tambayar ce ta daki ƙirjina. Na tsufa a cikin wannan aiki, mutane suna zuwa har biro, wato ofishinmu, su tambaye ni itacen da ya dace da wace ƙasa da harsashin da ya dace da wace dabba, amma ɗana ya yi mini tambayar da mai tebur a kasuwa zai amsa kafin ya gama tauna goro, na tsaya ina kallonsa kamar ba Hausa ya yi ba.

Direban ofishinmu zai zo wajenku ranar Alhamis, kuma dole ya tafi da ƙunshinka. Ga tabarau nan uku a gabana a kan tabarma: baƙi, da rawaya, da fari garai wanda ba shi da launi. Tun shekaranjiya nake sa wannan a ƙunshin in fitar, in sa wancan in fitar. Innarka ta ce in ban gaji ba ita ta gaji da kallo. Wannan ita ce takarda ta uku da na fara, biyun farko na yage su, don a ɗaya na ce maka baƙi, a ɗaya na ce fari, kuma a duka biyun ƙarya na yi maka ta hanyar yin shiru. To bari in faɗa maka yadda kowannensu ya yi da ni, ko kai ka gane abin da ni na kasa ganewa.

Baƙin na saye shi a watannin farko bayan sojoji sun karɓi mulki. Kana ƙarami, ba za ka tuna yadda Yamai ta koma ba. Duk wanda yake son a san shi wani ne, sai ya rufe idanunsa da baƙin gilashi. Hafsoshi suna sawa, direbobinsu suna sawa, har masinjan da ke kai takardu yana da nasa. Ni kuma ga kaki, ga bindigar aiki, na ga ba abin da ya rage mini sai shi. Mai teburin da na saya a wurinsa ya ce mini, "Wannan luneti na manya ne, ranka ya daɗe." Wannan "ranka ya daɗe" na saya, ba tabarau ba. Ranar farko da na bi ta Filato, unguwar ma'aikatu, da shi, wani mai gadin ma'aikata ya miƙe ya sara mini. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

A makon da na saye shi kakanka na wajen uwa ya zo daga Maraɗi. Na dawo da tsakar rana, na shigo zaure daga cikin hasken waje ban cire tabarau ba, na ga wani abu zaune a kusurwa, na tuɓe takalmi na durƙusa na shiga gaisuwa, ina tambayar hanya da mutanen gida. Ashe buhun jar dawar taimako nake gaidawa, surukina yana ɗaya kusurwar yana kallona. Sai da na kai ƙarshe ya ce, "Ci gaba, Haruna, gara ka gaishe shi. Bana shi ne babba a gidan ga." Har ya rasu bai daina ba mutane labarin nan ba.

Saboda haka kada ka zaɓi tabarau a gaban madubi. Abin da mutane za su gani a fuskarka ba shi ne aikinsa ba. Amma kada in zalunci baƙin nan, yana da ranarsa. Da tsakar rana a kan farin rairayi, ko a bakin ruwa lokacin da haske yake dukan ido, babu kamarsa. Ranar da muka yi gwajin harbi da azahar, da shi na fi kowa. Sai dai inda aka kai ka akwai manyan itatuwa a bakin ƙorama, za ka riƙa shiga inuwa kana fita, kuma duk shigar da ka yi da baƙin gilashi, za ka yi ɗan lokaci kana makaho da bindiga a hannu. Sai in ce maka ka cire shi kafin ka shiga inuwa. To ga shi kuma in ka cire, idonka ya zauna a buɗe, kuma ni na san abin da buɗaɗɗen ido ya jawo mini. Ka ga irin ruɗewar da nake ciki.

Rawayan ne ya kamata ya biyo baya, amma hannuna ya ƙi. Bari in ba ka labarin farin tukuna, ko da yake shi ne na ƙarshe.

Akwai lokacin da na rantse ba zan ƙara sa wani gilashi tsakanina da abin da nake auna ba. Dalilin rantsuwar yana zuwa. Na ce idon da Allah Ya ba ni ya ishe ni, har ina yi wa masu sawa dariya. Ana nan wata rana a filin gwaji aka raba mana tsofaffin harsasai da suka daɗe a ma'ajiya suna shan zafi. Na auna, na ja kunama, bindigar ta tofo mini wuta da ɗan guntun ƙarfe ta baya, a idon hagu. Likita ya cire ƙarfen, amma ka san yadda idon yake har yau, kullum cikin hawaye, abin da yake gani kuma kamar ta cikin ruwan wanki. Daga nan aka ɗauke ni daga daji aka ba ni tebur a Filato. Sai bayan haka na je na sayi farin tabarau, ihu bayan hari.

Wannan kam ba ni da ruɗani a kansa: kada ka taɓa jan kunama da ido a buɗe, ko da abokan aikinka za su kira ka matsoraci. Bindigogin ofis sun girme ka, harsasan ma wasunsu sun girme ka. Farin yana tare ƙarfe, yana tare ƙaya da reshe, kuma ba ya canza wa komai launi. Aibinsa shi ne da rana tsaka ba ya hana komai, sai ka yi ta runtse ido har kanka ya ɗauki ciwo, kuma mai runtse ido ba ya gani da kyau. Makon jiya na koma kasuwa ko zan sami mafita, mai teburin ya ɗauko mini wani mai ruwan zuma ya ce shi ya haɗa amfanin duka, babu irinsa. Na kusa saye. Sai na dubi fuskarsa da kyau, na ga ashe shi ne ya sayar mini da baƙin, da irin wannan rantsuwar. Wataƙila gaskiya yake faɗa wannan karon, ban sani ba, ban taɓa harbi da shi ba, kuma ba zan aiko maka da abin da ban gwada ba.

To, na ƙare kewaye-kewaye. Salisu, ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai kafin ka karanta sauran.

Ka san Baba Sumana, maƙwabcinmu Bazabarme mai garkar albasa a bakin kogi. Ka tashi kana ganin yana jan ƙafar dama, gwiwar ba ta lanƙwashewa, ko a masallaci miƙe ta yake yi gefe. Kana yaro ka sha tambayarsa abin da ya same shi, yana ce maka dorina ce, wata dorina mai tsage a kumatu, kana dariya, yana dariya, ni ina cikin ɗaki ina jin ku. Babu wata dorina. Ni ne na harbe shi, kuma da rawayan tabaran nan a idona.

Wani Nasara ne ya ba ni shi, mai ƙirga tsuntsaye a bakin kogi, da na yi masa rakiya wata biyu. Da zai koma ƙasarsu ya ce wannan na asuba ne da almuru, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Ranar da na fara sa shi da sassafe na yi kabbara. Komai ya fito tangaram, kowane kara da gefensa, kowane tsuntsu da iyakarsa, kamar an kunna wa duniya fitila. Na ce lallai na sami abin da ya fi na hafsoshi. Abin da bai faɗa mini ba, ko ya faɗa Faransancina bai kai ba, shi ne gilashin ba ya ƙara haske ko ƙwayar gero. Ido kawai yake lallashi, zuciya ta ce gari ya waye alhali bai waye ba. Sannan duk abin da yake fari, a cikinsa sai ya koma launin busasshiyar ciyawa.

A wancan fari na farko ne, da ruwan sama ya ƙi sauka, shekara goma ke nan. Makiyaya sun gangaro daga arewa sun yi zango a gefen gari, dabbobinsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Karnuka suka ci mushe suka ƙoshi, suka daina tsoron mutum. Akwai wani ja-ja a cikinsu da ya ciji wata mata a hanyar ɗiban ruwa, aka ce mahaukaci ne. Sojan da ke kula da yankinmu ya aiko ofis, ofis ya aiko mini: a kashe shi cikin kwana uku. A wancan lokaci in soja ya ce uku, ba huɗu yake nufi ba. Na yi kwana biyu ina bin sawu ban same shi ba. A rana ta uku na idar da sallar asuba, ko addu'a ban tsaya na yi ba, na saɓi bindiga mai baki biyu, na ɗora rawayan, na gangara garake.

Hayaƙin mushen da ake ƙonawa ya kwanta a kan fadamar. Da idona kaɗai da na san duhu bai gama tafiya ba, da na jira. Amma ta cikin gilashin gani nake kamar hantsi. Can tsakanin kunyoyin albasa, kamar taku arba'in daga inda nake, na hango wani abu ja-ja, a ƙasa, a kan ƙafa huɗu, kansa a sunkuye kamar yana lasar ruwa. Ban yi shakka ba, Salisu. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro har yau, da na yi shakka ko kaɗan da na tsaya. Na auna, na ja kunama. Sai karen ya ce, "La'ilaha illallahu."

Sumana ne, a cikin tsohuwar farar rigarsa. Kogi ya yi nisa, masu garka sun haƙa ramuka a gindin kunyoyi, ya rarrafa yana kwarfar ruwan da ya taru cikin dare da ƙoƙo. Na jefar da bindiga na ruga. Ƙwayoyin dalma sun shiga cinyarsa da gwiwarsa, jini yana bin hanyar ruwan albasa. Ya ɗago ya dube ni, har lokacin tabaran yana fuskata.

Ya ce, "Haruna? Kai ne? Na san Bagobiri ba shi da hankali, ban san ba shi da ido ba."

Na ce, "Sumana, don Allah tashi in goya ka, mu tai wurin likita."

Ya ce, "Likita ya ga dalma, ya kira jandarma. Jandarma ya kai ka wurin soja. Wa zai ba yaranka abinci bana?"

Na ce, "Ko mi za su yi mini su yi."

Ya ce, "Rufe mini baki. Ni Bazabarme in kai taubashina ƙara? Kakannina su taso daga kabari su mare ni? Bawa ya fasa tulu, ubangidansa ba ya kai shi gaban alƙali. Ɗauke ni ka kai ni ɗaki, ka kira wanzami."

Ka san wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Zabarmawa tun kaka da kakanni. Mu zagi juna, kowa ya ce ɗayan bawansa ne, mu ƙwace wa juna hula a kasuwa, amma ba a fushi, ba a kai ƙara. Ni duk rayuwata wasa na ɗauke shi, abin sa dariya a wurin suna da biki. Ban san mutum zai iya kwance cikin jininsa ya riƙe shi kamar alkawarin Allah ba.

Harbin kuskure ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka kowa zai ce, haka ni ma nake gaya wa kaina. Amma abin da na yi bayansa ba tsautsayi ba ne. Na yarda. Sau ɗaya tak na yi gardama, da ya ce in rufe baki na rufe, kuma a cikin zuciyata na ji sanyi, na ji daɗin da ya hana ni. Na goya shi ta bayan garake don kada a gan mu. Wanzami ya cire abin da ya iya cirewa, na cikin gwiwa ya ce hannunsa ba ya kaiwa. Gwiwar ta kumbura, ya yi wata biyu a kwance, albasarsa ta bushe a kunya duk da ban ruwan da nake zuwa ina yi kafin in tafi aiki. Da ya tashi, ƙafar ta tashi a sandare. Na tambayi wani likita daga baya, ba tare da na ambaci suna ba, ya ce da an kawo irin wannan da wuri da mai ita ya taka. Wato dalmata ta ji masa ciwo, tsorona kuma ya gurgunta shi. Karen kuwa, wata tsohuwa ce ta kashe shi da taɓarya washegari, aka rubuta a ofis cewa an cika umarni.

Ka ji wannan da kyau. In Allah Ya jarrabe ka, Allah Ya kiyaye, ka zubar da jinin wani, ka kai shi likita ko yana roƙonka kada ka kai shi, ko yana zaginka, ko ka san daga can kurkuku za ka wuce. Kurkuku ana fita. Ni ban shiga ba, amma shekara goma ke nan kullum da safe ina jin ƙafar nan tana jan ƙasa a bayan katangarmu.

Innarka ta sani, matar Sumana ta sani, wanzamin ya rasu. Bayan su babu kowa, sai kai yanzu.

Ka ga dalilin da tambayarka ta tsayar da ni a tasha. Na san inda aka kai ka. Bana ma babu ciyawa sai a cikin gandun, kuma makiyayi ba zai tsaya yana kallon saniyarsa ta mutu a bakin iyaka ba. Da asuba makiyayan suke shigo da shanunsu, su duƙa a tsakanin dabbobi don kada a hango su, tufafinsu kuma sun ci ƙasa har sun zama launinta. Za a ba ka umarni da wa'adi, kamar yadda aka ba ni. Kuma zan iya rantsuwa shugabanku zai yaba muku rawaya, ya ce shi ne ke fito da dabba daga cikin ciyawa da sassafe. Ba ƙarya zai yi ba, haka ne, yana fitowa da ita. In na hana ka shi, wata rana wataƙila abin da ke laɓe a ciyawa ya gan ka kafin ka gan shi, in zama ni na jawo. In na ba ka shi, ka san sauran. Na auna wannan ta kowane gefe, kowane gefe da haƙora.

Jiya bayan la'asar na gaji da kaina, na zuba su ukun a aljihu na gangara garkar Sumana. Na same shi zaune a bakin ramin ruwa, ƙafar a miƙe. Ban taɓa tayar masa da maganar nan ba tun ranar da ta faru, shi ma bai taɓa ba, sai dai dorinarsa.

Ya gaishe ni da Zabarmanci, ya ce, "Fofo, bawana. Ka zo ban ruwa ko ka zo satar albasa?"

Na zauna na jera su a kan gwiwata, na gaya masa abin da ka tambaya. Ya ce in miƙo. Ya sa baƙin, ya dube ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, kumandan." Ya cire. Ya ɗauki rawayan ya jujjuya shi, ya ce, "Shi ne wannan?" Na ce shi ne. Ya sa, ya dubi garkar, ya dubi kogi, ya dubi farar rigata, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Kai! Wallahi kare sak. Da ni ne da bindiga, da na harbe ka sau biyu."

Ya yi dariya har da tari. Ni na kasa, idon hagu yana zuba kamar kullum, na dama ma ya taya shi. Ya sa farin, ya dube ni, dariyar ta tsaya. Ya ce, "To, ga tsohon Bagobiri yana kuka. Wannan ba ya ƙarya."

Na ce, "Amma Sumana, da rana ba shi tare haske. Baƙin kuma cikin inuwa makanta ne. Mi zan aika ma yaron ga? Ni na ruɗe."

Ya ce, "Aika masa biyun, yana da aljihu biyu. Wannan kuwa ya zauna wurina." Ya cusa rawayan a aljihunsa. Sannan ya ce, "Kai har yau gilashi kake tuhuma. Ni tambaya ɗaya nake da ita, shekara goma ina riƙe da ita. Ranar nan, me ya hana ka yin sallama?"

Na ce, "Sallama? Ga kare? Ai sai shi gudu."

Ya ce, "To ya gudu mana. Kare ba ya amsa sallama. Ni da na amsa."

Ya ci gaba da kwarfar ruwansa, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe maka. Amma yanzu yaron ya ɗauki bindiga, dorina ta mutu. Ka rubuta masa duka. In ba ka rubuta ba, ni zan hau kamiyo da ƙafar nan in je in faɗa masa."

Shi ya sa wannan takarda ta uku ban yage ta ba.

A cikin ƙunshin za ka ga biyu, na naɗe su a tsohon rawanina. Farin shi ne na kullum, da shi za ka fita da asuba, da shi za ka shiga inuwa. Baƙin na tsakar rana ne a fili. Ko na yi daidai, Allah ne masani, har yanzu da nake ɗaure ƙunshin zuciyata ba ta kwanta ba. In shugabanku ya raba muku rawaya ya ce dole, ba zan ce ka yi masa gardama ba, na san zamanin da muke ciki. Sai dai ka tuna duk lokacin da ya ce maka gari ya waye, ka ɗaga shi ka tambayi idonka. Kuma kowanne ne a fuskarka, in ka hango abu a duƙe, komai tabbacin da kake ji, komai ƙurewar wa'adi, ka buɗe baki ka yi sallama da ƙarfi, ka jira. In dabba ce ta gudu, ka dawo hannu wofi, a yi maka faɗa, a rage maka girma, a kira ka ɗan Haruna mai gaida buhu. Duk wannan mai sauƙi ne.

Ban san da wane ido za ka dube ni ba in ka zo hutu. Ka tashi kana alfahari da ni, ka shiga wannan aiki don ka ga na yi shi, kuma na bar ka kana dariyar dorina alhali ina jin ku. Ka yafe mini wannan in za ka iya. In ba za ka iya yanzu ba, ba zan ga laifinka ba. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da ka sauka a Gamkalle, kafin ka shigo gidanmu, ka gangara garka ka gaida Baba Sumana. Zai zage ka, zai ce ɗan bawansa ya dawo. Ka durƙusa ka karɓi zagin da hannu biyu.

Allah Ya kai maka wannan takarda kana lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare idanunka biyu, Ya sa kada hannunka ya zama sanadin kukan gidan kowa. Allah Ya ba mu ruwa, Ya mai da makiyaya garuruwansu da sauran dabbobinsu. Duk wanda ka yi wa sallama a cikin dajin nan, Allah Ya ba shi bakin amsawa, kai kuma Ya ba ka haƙurin jira ka ji.

Ni ne mahaifinka,
Haruna.